Shiga tseren keke ga mai ƙananan yara: awa shida a mako sun isa?

Tambaya: Shekaruna 38, ina da yara biyu, babban shekararsa 5, ƙaramar ba ta cika 2 ba. Ina hawa keke don motsa jiki, yanzu kuma ina son shiga tseren 'yan sha'awa da za a yi nan da wata uku. Ga aiki ga gida, abin da nake samu bai wuce awa 5 zuwa 6 a mako ba. Zai yiwu? Ta ina zan fara, me kuma zan kiyaye?

Amsa: Zai yiwu, ɗan'uwa, sai dai ba kowane tsere ba. Awa 5 zuwa 6 a mako sun isa su shirya mutum tseren minti 40 zuwa awa ɗaya da rabi, har ya ƙare tare da jama'a. Ba za su shirya ka tseren kilomita 150 mai hawa da gangara ba, ko da ka kai kanka ƙarshe da ƙyar. Saboda haka kafin ka sayi komai, ka nemo takardar bayanin gasar ka ga wace iri ce.

Akwai tseren zagaye, inda ake rufe 'yar hanya mai kilomita 1 zuwa 2 a yi ta kewaya ta na minti 30 zuwa 60. Shi ya fi dacewa da mai iyali ta fuskar lokaci, don gajere ne, atisayensa ma gajere, yara kuma suna ganin wucewarka duk bayan minti biyu ko uku. Amma shi ya fi yawan kwana, kuma a kwana aka fi faɗuwa. Akwai tseren hanya, wanda ga sababbin shiga yakan kai kilomita 40 zuwa 80. Akwai kuma tseren agogo, inda ake sakin mahaya ɗaya bayan ɗaya, galibi da tazarar minti guda, wanda ya fi gajeren lokaci ya ci. Idan ba ka taɓa tuƙi cikin ayarin kekuna ba, taya kusa da taya, ka fara da tseren agogo, ko ka tabbata ka fita da ƙungiyar mahaya aƙalla sau takwas kafin ranar. Wanda ya saba hawa shi kaɗai, komai ƙarfinsa, haɗari ne ga kansa da na kusa da shi.

Yawancin tseren da ke ƙarƙashin hukumar kekuna ta ƙasa sai da lasisi, kuma a wurare da yawa ana ba da na kwana ɗaya ga mai son gwadawa. Ka karanta abin da inshorarsa ta ƙunsa. Sau da yawa ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba jinyarka ko albashin da ka rasa kana kwance ba, kuma mai ciyar da gida ya kamata ya san haka kafin ya sa hannu. Wajen zaɓen rukuni, kada shekaru su ruɗe ka ka shiga na manya, 'yan 30 ko 35 zuwa sama, da zaton can ne sauƙi. Cike yake da mutanen da suka shekara ashirin suna tsere, furfura ta fito amma ƙafa ba ta manta ba. Rukunin sababbin shiga ne naka. Idan kuma kana da hawan jini, ko ka taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri lokacin motsa jiki, ko a danginku wani ya yi mutuwar fuju'a da ƙuruciyarsa, ka ga likita kafin ka fara atisaye mai tsanani.

Abin da ke rusa shirin yawancin iyaye maganar gida ce, ba rashin ƙarfi ba. Awa shidan nan wani ne ke riƙe yara a cikinsu. Ka zauna da maiɗakinka tun yanzu ku tsayar da ranaku da lokuta, ita ma ta san nata lokacin da ba za ka taɓa ba. Ka faɗi gaskiyar tsawon fita: hawan awa biyu yakan ci uku in an haɗa da shiri da wanka da goge keke. Wanda ya ce zai dawo ƙarfe tara ya dawo sha ɗaya, sannan ya miƙe a kujera wai ya gaji, da wuya shirinsa ya ga mako na shida. Lokacin da ya fi tsira shi ne sassafe kafin yara su tashi, domin na yamma kullum akwai abin da zai cinye shi.

Tsarin makon ba shi da wuya. Rana biyu ta atisaye mai tsanani, awa ɗai-ɗai, da aƙalla kwana guda a tsakani, misali Talata da Alhamis. Rana ɗaya ta doguwar fita tare da ƙungiya, awa 2 zuwa 2 da rabi. In an samu sarari a ƙara fita mai sauƙi ta minti 30 zuwa 45. Zuwa wurin aiki a kan keke ma yana cikin lissafi. Idan kana da na'urar auna ƙarfin feda, ka ɗumama jiki sosai, ka yi minti 20 da iyakar ƙarfin da za ka iya riƙewa daga farko har ƙarshe, ka ninka matsakaicin wat ɗin, wato adadin ƙarfin da na'urar ta nuna, da 0.95. Abin da ya fito shi ne kimanin ƙarfin da za ka iya riƙewa na kusan awa guda, kuma a kansa ake auna sauran. Wanda ya yi wat 240 a gwajin, ma'auninsa 228 ke nan. In ba ka da na'urar, kada ka saya don tsere ɗaya, numfashi ya isa. Gudu mai sauƙi shi ne wanda kake hira a kansa ba tare da haki ba. Mai nauyi shi ne wanda kalma uku ko huɗu kawai ke fita. Mai tsanani kuwa ba magana.

Mako huɗu na farko, ranakun tsananin su zama na dogon ja: minti 15 sau biyu a kashi 88 zuwa 94 cikin 100 na ma'auninka, da hutun minti 5, kana ƙarawa har ya zama minti 20 sau biyu. Daga mako na biyar zuwa na takwas, rana ɗaya ta koma ta gajeren ja mai zafi: minti 4 sau huɗu ko biyar a kashi 110 zuwa 120, da hutun minti 3 zuwa 4 kana murza feda a hankali. Alamar ka yi daidai ita ce na ƙarshe ya kusa na farko a ƙarfi. In na farko ya yi wat 300 na huɗu ya faɗo 230, zafin da ka fara da shi ya wuce kima. Daga mako na tara sai a kwaikwayi tseren kansa: daƙiƙa 30 da ƙarfi, daƙiƙa 15 a sassauta, sau 10 zuwa 13 a jere, a huta minti 3, a yi haka sau uku. A ɗaya ranar ka rage gudu kamar za ka sha kwana, sannan ka miƙe tsaye ka zabura na daƙiƙa 10 zuwa 15, sau takwas zuwa goma, hutun kada ya wuce minti ɗaya. Wannan ne ke raba wanda zai zauna cikin ayari da wanda za a yar, domin tsere ba ya tafiya da gudu ɗaya. Matsakaicin gudun yana iya zama wanda ka saba, amma zaburar da ake yi bayan kowace kwana ita ke cinye mutum.

Bayan mako uku na ƙari, na huɗu a rage nauyi zuwa kusan rabi. Ga wanda yarinya ke tayar da shi da dare, biyu na ƙari da ɗaya na sassauci ya fi. Masu ƙarancin lokaci sukan mai da kowace fita mai ɗan zafi, don suna ganin kada lokacin ya tafi a banza. Sai ranar sauƙi ta kasa hutar da jiki, ranar tsanani kuma ƙafa ba ta da abin bayarwa, mutum ya tsaya wuri ɗaya ga gajiya. Haka kuma ba a rama atisayen da aka rasa. In yaro ya kwana ba lafiya ka rasa Talata, ta wuce ke nan, kada ka ɗora ta kan Alhamis.

Atisaye gajiyar da jiki yake yi, ƙarfin kuwa a hutu da barci yake shiga, kuma a nan gizo ke saƙar ga mai ƙananan yara. Saurayin da ke yin awa shida a mako yana barcin awa takwas ba ɗaya yake da kai ba, ko da jadawalinku iri ɗaya ne. Ka riƙa auna bugun zuciyarka da safe kafin ka sauko daga gado, har ka san adadin da ya saba. In ya haura da bugu 7 zuwa 10, ko ka yi dare biyu a jere barcinka bai kai awa shida ba, atisayen ranar ya koma mai sauƙi ko a bar shi. Tashi ƙarfe biyar kuma ba dabara ba ce sai in ka kwanta da wuri. Ga shi yara ba sa rabuwa da kwaso mura daga makaranta. In abin ya tsaya a hanci da maƙogwaro, ba zazzaɓi, kana iya hawa a hankali. In akwai zazzaɓi, ko ciwon gaɓoɓi, ko tari daga ƙirji, ko gudawa, ba hawa ko kaɗan, ko da ranar gasar ce. Dalili ba gajiya kaɗai ba ne: wasu ƙwayoyin cuta suna kumbura tsokar zuciya, kuma matsa mata a wannan hali yana iya jawo rikicewar bugu mai kisa. Sai zazzaɓin ya tafi ba da taimakon magani ba, ka ƙara kwana biyu, sannan ka dawo da sauƙi na wasu kwanaki.

Na'urar da ake ɗora keke a kai a tuƙa cikin ɗaki ita ce babbar abokiyar iyaye, don awa ɗaya a kanta awa ɗaya ce cur, kuma kana jin motsin yara. Ka sa fanka mai ƙarfi a gabanka, in ba haka ba zafi ne zai tsayar da kai kafin ƙafa ta gaji. Ka rufe hannun keken da tawul, domin gishirin gumi yana cin ƙarfen da ke ƙarƙashin naɗin hannu da notuna a ɓoye. Yaro mai rarrafe kuwa kada ya kasance a ɗakin sam. Taya mai juyawa da sarƙa suna jan hankalinsa, yatsa kuma ba ya tsira. Jan yaro a ƙaramin keken da ake ɗaurawa a baya yana shiga lissafin fita mai sauƙi, amma ba kafin ya shekara ba, don wuyansa bai iya ɗaukar hular kwano da girgizar hanya.

Abin da na'urar ɗaki ba za ta koya maka ba shi ne zaman ayari, kuma shi ne rabin tseren. A gudun kilomita 40 a awa, yawancin ƙarfin mahayi a kan tura iska yake tafiya. Wanda ya laɓe bayan wani yana rage kusan kashi 30 cikin 100 na wahalar, na tsakiyar babban ayari ma fiye da haka. Shi ya sa mai awa shida da ya iya laɓewa yake gamawa gaban mai awa goma sha biyu da ke yawo a gefe cikin iska. Ka fara da tazarar mita ɗaya tsakaninka da tayar na gaba, kana matsowa har rabin mita yayin da ka saba. Kada ka kafa ido a kan tayarsa. Ka duba ta saman kafaɗarsa zuwa mutum uku ko huɗu a gaba, don can matsala ke farawa. Doka mafi girma ita ce kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar bayan wani. Keke ba ya faɗuwa ne saboda tayar gaba tana ɗan karkata dama da hagu tana dawowa ƙarƙashin nauyinka. In na gaba ya goce ya tare ta, ba ta da inda za ta karkata, sai ƙasa. Shi kuwa watakila bai ma san an taɓa shi ba. Kada ka damƙe birki da ƙarfi cikin jama'a. In ka ga za ka afka wa na gaba, ka daina murzawa, ko ka ɗago ƙirji iska ta rage maka gudu, ko ka ɗan shafi birkin. Ka kuma sani duk wanda ya miƙe tsaye a hawan tudu, kekensa yakan ja baya kaɗan, don haka a gindin tudu ake ƙara tazara. Hannuwanka su kasance a ƙasan hannun keke, wurin da ya lanƙwashe, yatsa a kan birki, gwiwar hannu a sake. In kafaɗa ta gogi kafaɗa, hannu mai taushi ne ke shanye bugun.

Sabon shiga yakan koma can baya don tsoro, alhali nan ne wuri mafi wahala. Ayari kamar roba yake, ana ja ana saki: na gaba suna shan kwana kusan da gudunsu, na baya kuwa sai sun taka birki har gudu ya faɗi, sannan su zabura don su kamo. A zagaye mai kwana huɗu da za a kewaya sau 30, zabura 120 ke nan. Kuma duk faɗuwar da aka yi a gabanka take. Ka nemi zama cikin kashi ɗaya bisa uku na gaba, amma ba kan gaba ba. Wurin ba ya zama naka sai kana neman sa, domin mutane suna wucewa ta gefe kullum. Lokacin matsawa gaba shi ne sa'ad da ayari ya sassauta ya baje, ba sa'ad da ya miƙe layi ɗaya ba. In iska tana bugowa daga hagu, mafaka tana bayan mutum ta damansa.

A kwana, ka gama taka birki kafin ka shiga, ba a tsakiyarta ba, domin taya ba ta iya riƙe birki mai ƙarfi da karkata a lokaci guda. Fedar waje ta kasance ƙasa ka danna nauyinka a kanta, ta ciki a sama. In ka ci gaba da murzawa keke yana kwance, fedar ciki ta daki ƙasa ta ɗaga tayar baya. Idonka a kan mafita, don keke inda ka duba yake bi. Ka bi layin da ayari ke bi, kada ka kutsa ta ciki don ka ga ɗan fili, fili ne da zai rufe. Ka saka giya mai ɗan sauƙi tun kafin kwanar don fita. Fentin hanya da murfin ƙarfe suna da santsi in sun jiƙe.

Minti goma na farko su ne mafi zafi, kuma a nan ake yar da yawancin sababbi. In ka jure su, gudun yakan lafa. In an yar da kai, ba abin kunya ba ne a tseren farko. Ka nemi wasu da aka yar ku yi karɓa-karɓa wajen shiga gaba don tare iska, in ayari ya zagayo kuma ka tsaya a layinka gefe guda ka bi umarnin alƙalai. A ƙarshen tsere, ra'ayinmu ga mai yara a gida a fili yake: in saura kilomita ɗaya ba ka cikin goman farko, ka bar musu. Mummunar faɗuwa ta fi aukuwa a zagayen ƙarshe, tsakanin gajiyayyun mutane masu kokawar zama na ashirin da biyar. In kuwa kana gaba ka shiga zaburar ƙarshe, ka miƙe a layinka, kai a ɗage, har ka wuce layi.

Keke ba sai mai tsada ba. Duk keken hanya mai lanƙwasasshen hannu da birki biyu masu aiki ya isa, kuma kada ka yi tsere da abin da ba za ka iya maye gurbinsa ba in ya karye. Ƙarfen jingina hannu na tseren agogo haramun ne a tseren da ake tashi tare. Inda kuɗi ke aiki shi ne taya: mai kyau, mai faɗin milimita 25 zuwa 28. Ga mai nauyin kilo 75, iskar PSI (ma'aunin iskar taya) 65 zuwa 75 ta dace da taya 28, kimanin 80 zuwa 90 kuma da taya 25; a rage kaɗan in ana ruwa. Iska mai yawa tana sa keke tsalle a kwana ya rasa riƙo, mai kaɗan kuma tana sa rim ya tsinke tif in ka daki rami. A auna sarƙa da ƙarfen awonta. A keke mai giya 11 ko 12 a baya, in miƙewarta ta kai alamar 0.5 a ƙarfen awon a canza, don tsohuwar sarƙa tana tsallake haƙori daidai lokacin da ka miƙe ka danna. Tsawon sirdi: ka auna daga ƙasa zuwa matsematsinka ba takalmi, ka ninka da 0.883, abin da ya fito shi ne kimanin nisan tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa saman sirdi. Ciwon gaban gwiwa yakan nuna sirdi ya yi ƙasa, na bayanta kuma ya yi sama. Duk gyara a gama shi mako biyu kafin gasa, don abin da zai kwance ya kwance a atisaye. In fedarka mai kama takalmi ce, ka koyi maƙala ta ba tare da dubawa ba, don masu lalube a layin farawa su ne ke farawa daga baya.

Abinci kuwa, awa uku kafin tashi ka ci mai sitaci da ka saba da shi, kimanin giram 1 zuwa 2 na sitaci ga kowane kilo na nauyinka, ba mai maiƙo ko yaji da yawa ba. Tseren da bai kai awa ɗaya ba gorar ruwa guda ta ishe shi. In ya wuce haka, makamashin da tsoka ta ajiye yakan kusa ƙarewa bayan kamar minti 90 na aiki mai ƙarfi, don haka ana bukatar giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci a kowace awa, a fara tun minti 20 zuwa 30 na farko, ba sai yunwa ta zo ba. Giram 45 na sukari da ɗan gishiri kamar rubu'in ƙaramin cokali a gora mai mililita 750 yana yin aikin. Matsakaiciyar ayaba ɗaya tana ba da kusan giram 25. Ruwa mililita 500 zuwa 750 a awa, gwargwadon zafi. Don sanin naka, ka hau sikeli kafin fita da bayan dawowa: kowane kilo da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta gumi. Duk wannan a gwada shi a atisaye, har da cire gora da mayar da ita ba tare da sunkuyar da kai ba. Kuma kada ka haɗa shirin tsere da rage ƙiba mai tsanani, ga rashin barci. Rashin lafiya ce za ta biyo baya.

Dokar hana shan abubuwan ƙara kuzari tana hawa kan duk mai lasisi, ba ƙwararru kaɗai ba. Hukumar kekuna ta duniya ta hana tiramadol a lokacin gasa tun 2019, kuma ko ba don doka ba, magani ne mai sa jiri da rage natsuwa, abin da ba a so a tsakiyar ayari. Wasu magungunan mura na buɗe hanci ma suna ɗauke da sinadarin da aka taƙaita. In kana shan wani magani a kai a kai, ka tambayi likita ka kuma duba jerin abubuwan da aka hana.

Makon ƙarshe ka rage tsawon atisaye zuwa rabi amma ka bar ɗan zafi: kwana huɗu kafin gasa ka yi minti 3 sau uku da ƙarfi, jajibere kuma minti 30 mai sauƙi da gajeriyar zabura biyu ko uku. Barcin daren da ya gabaci jajibere shi ne wanda za ka roƙa a bar maka, don na daren gasa da ma ba ya cika. A haɗa jakar keke da ta yara tun da dare. Ka isa wurin minti 90 kafin tashi: rajista, maƙala lamba da fil shida zuwa takwas don kada ta yi ta kaɗawa, zagaya hanyar ka ga ramuka da kwanoni, bayan gida, sannan ɗumama jiki na minti 20 mai ɗauke da zabura biyu ko uku, ka gama saura minti goma. Ka duba ƙullin tayoyi da birki bayan ka sauke keke daga mota. Daga isowarku har ka sauka, yara ba a hannunka suke ba. Dole a samu babba wanda ba shi da wani aiki sai su. Su tsaya bayan shinge a miƙaƙƙiyar hanya, ba a wajen kwana ba, domin can wanda ya zame yake ƙarewa. Ƙaramar a riƙe ta a hannu, don yaro in ya hango ubansa gudu yake yi zuwa gare shi. Ka faɗa wa babban yaron tun a gida cewa ba za ka ɗaga masa hannu ba, kuma wani lokaci mutane kan faɗi su tashi. A takardar rajista ka rubuta lambar mutum na biyu ban da wadda ke riƙe da yara, makullin mota kuma a hannunta yake, ba a aljihun rigarka ba.

Idan uwa ce ke da wannan tambayar, duk abin da aka faɗa nata ne, da ƙari. Haihuwa ba ta rufe ƙofar tsere: Kristin Armstrong ta Amurka ta haihu a 2010, ta kuma ci zinare a tseren agogo na gasar Olamfik a 2012 da 2016, Lizzie Deignan ta Birtaniya kuma ta haihu a 2018 ta lashe gasar keke ta Paris-Roubaix ta mata ta farko a 2021. Amma waɗannan sana'arsu ce, da likitoci da masu taimako a bayansu, kada a auna kai da jadawalinsu. Ba a komawa sirdi sai ɗinki ya warke likita ya amince, galibi ba kafin mako shida ba, wadda aka yi wa tiyata kuma fiye da haka. Ɗigar fitsari lokacin aiki, ko jin nauyi a ƙasan mara, alama ce ta a dakata a nemi masu gyaran tsokar ƙugu. Mai shayarwa tana bukatar ƙarin kusan kalori 500 a rana ban da na atisaye, da ƙarin ruwa; ta shayar ko ta tatse daf da fita. In gajiya ta ƙi tafiya a duba jini, don ƙarancin sinadarin ƙarfe ya zama ruwan dare bayan haihuwa.

In an faɗi, kada ka yi saurin miƙewa ka hau. Ka fita daga hanya in kana iyawa, ka duba ƙashin wuya da kafaɗa da wuyan hannu, su suka fi karyewa. Gurjewar fata a wanke ta da ruwa mai tsabta da sabulu har yashi ya fita duka, a rufe da bandejin da ba ya mannewa, a kuma tabbata allurar tetanus ba ta wuce lokacinta ba. Buguwar kai ce abin tsoro. In hular kwano ta daki ƙasa, tseren ya ƙare, hular ma ta gama aiki ko da ba a ga tsagewa ba, domin soson cikinta sau ɗaya yake shanye bugu. Ciwon kai, jiri, mantuwa, tashin zuciya ko ganin haske yana damun ido alamu ne na girgizar ƙwaƙwalwa, kuma suna iya bayyana bayan awanni. Amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, ruɗewa ko barcin da ba a iya tayar da mutum daga shi, asibiti ne nan take. Wanda kansa ya bugu ba ya tuƙa mota da yara a ranar, ba a kuma barin sa shi kaɗai da su a daren. Keken ma a kai wa makanike ya duba firam da cokali mai riƙe tayar gaba da hannu kafin a sake hawa, musamman in na kabon ne ba na ƙarfe ba, don yana tsagewa ta ciki fenti yana lafiya lau.